Ƙarar Keken Kai Inna Asibiti

Ƙarar ta fara ne wata Talata cikin marka, muna dawowa daga asibiti, Inna na bayana a kan kariya, wato mazaunin bayan keke. Mun bar titi mun shiga burtali, gero ya rufe mu dama da hagu, sai na ji ƙwas. Na taka feda ya zagayo, na sake jin ƙwas. Duk sanda ƙafata ta dama ta kai ƙasa sai abin ya buga sau ɗaya, can ƙarƙashina, ba da ƙarfi ba, kamar baƙon da ke ƙwanƙwasa ƙyaure yana jin nauyin masu gida. Na daina takawa, keken ya gangara da kansa, shiru. Ina ci gaba da takawa ta dawo.

Na ce, "Inna, kin ji?"

Ta ce, "Me fa?"

"Ƙarar nan mana."

Ta ce, "Ba komai ba ne. Yi ta tafiya, ga hadari can yana haɗowa."

Sai in faɗi abin da keken nan yake a wurinmu, don wanda bai ga shekarun nan ba zai ɗauka tsabar fitina ce ta sa malamin firamare ya hana kansa sakat a kan ƙarar keke. Shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu ne. Mai ya yi wuya, a-kori-kurar da ke shigowa ƙauyenmu ranar kasuwa ta ɗauke ƙafa. Damina biyu a jere ba a samu abin kirki ba, masu shanun huɗa sun sayar, amalanke ya zama wurin kwanan kaji. Ita kuwa Inna ciwon ƙirji gare ta. Sai tana zaune lafiya lau numfashinta ya sarƙe, ta dafe ƙasa da hannu biyu, kafaɗunta na sama suna ƙasa. Duk Talata nakan kai ta asibiti a Dawakin Tofa a duba ta a ba ta ƙwayoyi. In kuma abin ya taso da ƙarfi, akwai allurar da ake yi mata, ƙirjin ya buɗe nan take. Sau uku ina ganin haka da idona. A keke ba ma cika awa ɗaya a hanya ba. A ƙafa, cikin yashi da taɓo, sai mutum ya yi kusan uku, kuma ciwon nan ba ya jiran awa uku.

To shi ya sa. Da na ji ƙwas, abin da ya zo mini shi ne ranar da wani ƙarfe zai karye a tsakiyar gonaki, Inna na shure-shure a bayana, ba gida gaba ba gida baya.

Ni ne ɗan farinta. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro "kai" nake, da na fara koyarwa na zama "Malam", shi ma a kaikaice take faɗa, tana kallon wani wuri. In na yi zazzaɓi sai ta aiko ƙanwata da kunu ta ce wai ya yi mata yawa ne. Ko a kan keken ma ba ta riƙe ni. Ƙarfen ƙarƙashin sirdi take kamawa da hannu biyu, komai gargadar hanya. Nakan ce, "Inna, ki riƙe rigata, za ki faɗi," sai ta ce, "Ina ruwanka da ni, dubi gabanka." Haka aka yi mata tarbiyya, haka na taso na gani, kuma ban taɓa zama na tambayi kaina ta ina take fitar da abin da ke ranta ba.

Ni kuma a lokacin kaina ya yi zafi da karatu. Na zauna gaban masu sabon wa'azi, na dawo gida komai na gani sai in ce ba shi da asali. Shekara guda kafin wannan marka aka haifa mini 'ya mace. Ranar suna na tarar Inna ta ɗaura wa jaririyar wata tsohuwar laya ta marigayi Baba, baƙar fata ta bushe ƙayau, da ɗan zoben ƙarfe a kanta inda ake zura igiya. Wallahi ban ko yi sallama da kyau ba. Na tsinke igiyar, na jefa layar kan tabarma gaban Inna, gaban matata da mata 'yan barka, na ce kada a sake shigo mini da shirka gida. Inna ta miƙa hannu ta ɗauka, ta ƙulle a bakin zanenta. Na fita ina jin na yi wa addini aiki.

Washegarin ranar da ƙarar ta fara na tashi da niyyar gano ta. Ina alfahari da kunnena, kuma keken nan na san shi kamar yunwar cikina. Na Baba ne, baƙi, irin mai nauyin nan na da. Na fara da abin da ya fi sauƙi. Na ɗaure kariya, na ɗaure sirdi, na matse duk wata ƙusa da sifana ta kama. Na hau na zagaya bayan masallaci, ƙwas. Na ce to feda ne. Na wanke fedojin da ɗan kananzirin da muke tattali na fitila, matata na kallona, na shafa man gyaɗa don giris ya ƙare. Na hau, ƙwas. Na duba sarƙa ɗaya bayan ɗaya ko akwai gaɓar da ta ƙage, babu. Na kifa keken, sirdi da kai a ƙasa tayoyi a sama, na juya feda da hannu. Tsit! Na juya da ƙarfi har tayar baya na kuka, ba ƙwas ba alamarsa. Na miƙar da shi na hau, ko taku biyar ban yi ba ya dawo.

Kai, abin nan ya ci mini rai.

Talata ta zagayo, na ajiye Inna a layin asibiti na tura keken wurin mai gyara. Wani dattijo ne da ke zama ƙarƙashin tsamiya a bakin kasuwa, abokin Baba ne tun suna samari, gemunsa fari hannunsa baƙi. A shekarun nan sana'arsa ta koma ɗinki da ƙulle-ƙulle, don sabon kaya ya ɓace daga kasuwa. Ya ɗinke taya da zaren buhu, ya yi faci a kan faci, ya ciro ƙusa daga gawar wani keken ya raya wani.

Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurara yana taunar goro, sannan ya yi abin da duk mai gyara ke yi, ya kifa keken ya juya feda, ya kara kunne.

Ya ce, "Malam, ni dai ban ji komai ba. Ko dai hayaniyar 'yan makaranta ce ta bi ka gida?"

Na ce, "Baba, a kife ba ya yi. Sai an hau."

"To ai sai a hau."

Ya tattare babbar rigarsa ya ɗale, ya zagaya tsamiya sau biyu, ya sauko fuskarsa ta canza. Ya ce, "Akwai shi. Gaskiyarka." Ya ce abin da ke buga sau ɗaya a kowane zagaye, galibi kotafin ne, wato ƙusar nan da ke riƙe hannun feda a jikin sandar tsakiya. In ta ci sai hannun ya riƙa ɗan motsi. Ya buge ta da guduma ta fito, ya duba, ya goge ta da magagari, ya mayar ya ɗaure tam. Na ɗauko Inna muka kama hanya ina murna. Muna shiga burtali, ƙwas.

Na yi tsaki har Inna ta ji. Ta ce, "Ni dai da ka ƙyale shi. Keke ai ba ya rasa 'yar magana."

Na ce, "Inna, me kika sani game da keke?"

Haka na faɗa mata, da bakin nan nawa.

Sati huɗu muna wannan da mai gyara. Ya ara mini fedojin wani keken na hau, ƙwas. Ya cire murfin sarƙa gaba ɗaya ko shi ke gogar wani abu, ƙwas. Ya sauya mini ƙusar ɗaya ɓangaren, ya daidaita farantin sarƙa da ya ce ya ɗan karkace, ya cire gaɓa biyu daga sarƙar ya mayar da wasu. Duk a banza. Kuma kullum in ya kifa keken sai ya yi luf kamar ba shi ba. Har masu zama a gindin tsamiya suka san ni. Da na doso sai wani ya ce, "Ga mai ƙwas nan ya iso." Wani mai sayar da rake ya ce ai ba ƙarfe ba ne, iska ne ya samu wurin zama, in nemi malami ya yi mini rubutu. Na juya na zazzage masa wa'azi har rakensa ya kusa bushewa. Suna ta dariya, ni kuwa ba dariya a raina ko ɗigo.

Abin ya bi ni ko'ina. Ina gaban allo ina koyar da lissafi ina jin ƙwas a kaina. Ina noma bayan la'asar, duk saran fartanya sai in ji kamar shi ne. Ga yunwa, don gero bai nuna ba, rumbu ya yi ƙasa, tafasa da rama muke kwaɗantawa mu kora da ruwa. Da wannan cikin nake tuƙa mutum biyu a cikin yashi, kowane taku kuma abin nan na tuna mini cewa akwai ranar da zai tsaya cak. Na rame, na zama mafaɗaci, matata ta koma yi mini magana daga nesa.

A Talata ta huɗu dattijon ya zaunar da ni a kan benci. Ya nuna cibiyar keken da sifana, wato kumburin nan na ƙasa inda sandar fedoji ke ratsawa, ya ce, "Malam, duk abin da ke waje mun duba. Abin da ya rage yana cikin nan. Ko boris ɗaya, cikin 'yan ƙwallayen ƙarfen da sandar ke juyawa a kansu, ya fashe, ko sandar ta ɗan ci. Amma ka ji ni da kyau. Ba zan buɗe ba, kai ma kada ka buɗe."

Na ce, "Saboda me?"

Ya ce, "Saboda marufan nan biyu da suka toshe cibiyar dama da hagu, tun zamanin mahaifinka suke a ɗaure. Tsatsa ce ke riƙe da su yanzu. In suka fito ba lalle su koma ba, in kuwa ɗaya ya fashe, babu irinsa a kasuwar nan, babu a ta gaba. Ko a birni sai an tona. Na girgiza fedojin nan, ba sa wasa. Keken da ba ya wasa a cibiya zai kai ka kaka, ya kai ka wata kakar. Ka ɗiga masa mai ta 'yar ƙofar nan, ka toshe kunnenka, ka yi ta kai tsohuwa asibiti."

Ya ɗiga baƙin mai ta ɗan ramin da ke saman cibiyar. Abin mamaki, ƙarar ta yi laushi. Kwana biyu sai na kasa kunne sosai nake jin ta. Rana ta uku ta dawo yadda take, har ma na ga kamar ta fi da.

Yanzu da na tsufa na san dattijon nan ya gaya mini gaskiya tsantsa. A lokacin kuwa cewa na yi tsoro ne irin na tsofaffi, da lalaci. Na ce ni da na yi karatu ba zan zauna ina ɗaukar mahaifiyata a kan abin da ban san ciwonsa ba.

Ranar Alhamis bayan azahar na shimfiɗa buhu a zaure, na kwantar da keken. Na buge ƙusoshin na zare hannuwan feda. Marufin hagu ya ba ni wuya amma ya fito. Boris suka zubo a tafin hannuna, na duba su ɗaya ɗaya a hasken ƙofa, ƙalau suke, ko tabo babu. Na zaro sandar, ita ma sumul, sai wani ɗan wuri a tsakiyarta da ya yi ƙyalli kamar ana goga shi. Da a nan na tsaya na leƙa ciki, da shi ke nan. Ina! Na ce tunda hagu lafiya, ciwon na dama ne. Na kafa guntun ƙarfe a bakin marufin dama na dinga dukansa da guduma. Ban sani ba ashe na dama a juye ake kwance shi, duk dukan da nake yi ƙara ɗaure shi nake. Ya ƙi motsi, na ƙara ƙarfi, zuciya ta ɗebe ni, na ɗaga guduma na sauke iya ƙarfina. Na ji tas. Marufin ya tsage gida biyu, rabi ya faɗo kan buhu, rabi ya maƙale a ciki.

Na daɗe a tsugune ina kallon guntun nan. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf.

Da na ɗaga keken don in girgizo abin da ya rage, sai na ga wani baƙin abu ya leƙo daga bututun da ke saukowa daga sirdi zuwa cibiya. Na sa waya na jawo shi. Ya faɗo a hannuna, jiƙe da baƙin mai. Fata ce, da ɗan zoben ƙarfe a kanta, gefen zoben ya goge ya yi fari tas.

Layar Baba ce, wadda na jefar ranar suna.

Nan take komai ya warware mini. A shekarar an yi ta satar kekuna, don haka kullum da magariba nakan zare sirdi in shiga da shi ɗaki, in bar keken a zaure da kwaɗo, bakin bututun a buɗe. Ta nan aka jefa ta. Ta gangara ta zauna a kan sandar fedoji, duk zagaye sandar ta ɗan ɗaga ta zoben ya buga. In an kifa keken sai ta zame ta koma wajen sirdi, a yi ta juya feda ba a jin komai. Da aka ɗiga mai fatar ta yi laushi kwana biyu. Sati biyar ina neman ciwo a jikin keken da lafiyarsa ƙalau.

Da ina da hankali da na zauna a zauren nan har zuciyata ta sauka. Ban zauna ba. Na shiga cikin gida hannuna duk baƙin mai, na tarar da Inna a inuwar ɗakinta tana tsinkar rama. Na miƙa mata layar a tafin hannuna na ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta dube ta, ta dubi hannuna, ta mayar da kai kan ramarta.

Na ce, "Ke kika saka?"

Ta ce, "Ni ce."

"Kuma kina ji ina ta wahala sati biyar? Kina kallo ana yi mini dariya a kasuwa? Yanzu ga shi na fasa keken! Na fasa shi, Inna, ba zai sake tafiya ba sai an samo ƙarfe daga birni. Da me zan kai ki asibiti? Da layar?"

Hannunta ya tsaya. Ba ta ɗago ba, a hankali take magana, tana hutawa tsakanin kalmomi yadda ciwon ya koya mata. Ta ce, "An ce ɓarayi sun tare wani a hanyar nan, sun sare shi sun tafi da kekensa. Kullum ana bin hanyar nan da sassafe, a dawo da yamma." Ko a nan ba ta ce "kai" ba, "ana bi" ta ce. "Na san in na bayar a hannu ba za a karɓa ba. Da ta fara ƙara na so in faɗa. Sai na tuna ranar suna."

Na ce, "To ai da kin faɗa!"

Ta ce, "Na ce a ƙyale shi." Ta ɗan nisa. "Ni in ina baya ina jin ta, sai hankalina ya kwanta. Na san tana nan."

Ban ba ta haƙuri ba. Wannan shi ne abin da nake so in rubuta tun da na ɗauki alƙalami, ga shi na rubuta. Na tsaya a kanta ina huci, na jefa layar a aljihu, na juya na fita. A raina na ce gobe in na huce zan zo in zauna kusa da ita mu yi magana.

Ranar Juma'a na tafi Dawakin Tofa a ƙafa da guntun marufin a aljihu. Dattijon ya karɓa ya jujjuya shi, bai ce ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya ce akwai wanda ya sani wajen Rijiyar Zaki mai tara gawar kekuna, zai aika a tambaya, amma in ba shi kwana goma. Na ce Talata fa? Ya ce, "Sai ka nemi aro." Na dawo gida bayan la'asar ƙafafuna sun kumbura, na gaishe da Inna daga bakin ƙofa, ta amsa, na wuce. Na ce gobe.

Asabar da hantsi ina gona matata ta zo da gudu ba mayafi. Tun daga nesa na gane. Na tarar da Inna ta dafe ƙasa, leɓunanta sun yi duhu, numfashin na fita da ƙyar da wani siririn sauti. Mun ba ta ƙwayar, ba ta yi komai ba.

Kekuna uku ne a unguwarmu duka. Nawa na kwance a zaure cikinsa a buɗe. Na biyu ya shekara a rataye ba taya. Na ruga gidan mai na ukun, aka ce tun asuba ya ɗaura ciyawa ya tafi birni. Jaki kuwa akwai, amma a cikin taɓon nan yaushe jaki zai kai mu? Na dawo na durƙusa a gabanta na ce wa matata ta ɗora mini ita. Ta ɗora ta a bayana, ta ɗaure mu da zane biyu kamar yadda ake goyon yaro. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ban san ta rame haka ba sai ranar.

Na kama burtali ina sassarfa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙafata na nutsewa, ganyen gero na yanka mini fuska. Numfashinta na bakin kunnena. Ina ta cewa, "Sannu Inna, mun kusa," alhali ko rabin rabi ba mu yi ba. Wajen wata kuka da ke kan iyakar gonakinmu sai na ji hannuwanta sun zagayo ta wuyana sun riƙe gaban rigata. Ta riƙe ni sosai. Tun da na yi wayo ba ta taɓa riƙe ni ba sai ranar.

Na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ban sani ba ko ta ji. Ga iska a cikin gero, ga hakina, ga nata. Na sake faɗa da ƙarfi. Ta yi wani ɗan sauti, na kasa gane ko amsa ce ko numfashi ne. Shekara nawa ke nan ina juya sautin nan a raina, har yau ban gane ba.

Mun wuce rafi, mun hau tudun da ake hango titi daga kansa, a nan hannuwan suka saki rigata. Na ci gaba da tafiya. Na san abin da ya faru, amma na ci gaba, har sai da wasu manoma biyu suka fito daga gona suka tare ni, ɗayansu ya dafa kafaɗata ya ce, "Bawan Allah, tsaya haka nan. Sauke ta." A keke, da tuni mun daɗe a asibiti.

Mutane sun yi mini ta'aziyya da abin da ake faɗa, cewa kwana ne ya ƙare, ko a gadon asibiti take sai ta tafi. Na yarda, ban isa in ja da wannan ba. Amma ni na riƙe gudumar nan, kuma an gaya mini kada in buɗe, mutum biyu suka gaya mini. Ban taɓa samun wanda zan gaya wa zancen layar ba. Dattijon ya tambaye ni me na gani a ciki, na ce ban ga komai ba.

Bayan sadakar bakwai da 'yan kwanaki marufin ya iso. Dattijon ya ciro guntun da ya maƙale, ya share cibiyar, ya jera boris cikin sabon giris, ya ɗaure komai. Ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce, "Hau mu ji." Na zagaya tsamiya. Shiru, sai ƙarar taya a kan yashi. Masu zama a wurin ba wanda ya yi mini wasa.

A hanyar gida, da na shiga burtali, na tsaya daidai inda na fara jin ta. Har gobe ban yarda fata da zoben ƙarfe na tsare mutum daga komai ba, kuma a ranar ma ban yarda ba. Duk da haka na kwance sirdi na zare shi, na ciro layar daga aljihu, na jefa ta cikin bututun. Na ji saukarta. Na mayar da sirdi na ɗaure, na hau, na taka a hankali ina kasa kunne.

Ba ta buga ba. Ko sabon giris ne ya riƙe ta, ko a wani gefen ta kwanta, oho. Na sauka na girgiza keken, na ɗaga shi na buga da ƙasa, na kifa shi na miƙar, na sake hawa. Na yi ta zagaye a cikin gonakin mutane har rana ta yi ja, kariya ba kowa, ina taka feda ina jira.

Shekara goma sha ɗaya na ƙara ina hawan keken nan, bai sake yin ƙwas ba ko sau ɗaya.